Fistol ɗin da na zaɓa don koya wa yarana harbi a Texas

Duk wanda ya yi zaman Texas da iyali ya san maganar bindiga ba ta jiran sai ka neme ta. Maƙwabcinka na da ita, abokin aikinka na da ita a mota, gidan da ɗanka ke zuwa wasa kuwa ba ka san abin da ke cikin durowar gefen gadon masu gidan ba. Alƙaluman CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, sun nuna cewa a shekarar 2020 harbin bindiga ya zarce haɗarin mota wajen halaka yara da matasa 'yan shekara 1 zuwa 19 a Amurka. Mu kuma mun taso ne inda bindiga take hannun soja da ɗan sanda da maharbi mai bindigar toka, daga baya ta zama abin da ake ambata duk lokacin da aka ce an shiga wani ƙauye cikin dare. Fistol da libarba ma dokar makamai ta Najeriya ta 1959 cikin jerin haramtattu ta saka su, ba mai riƙewa sai da izinin shugaban ƙasa. Da wannan tarbiyyar a kaina 'yata ta fari, mai shekara 13, ta zo mini da takardar ƙungiyar 4-H, wadda ke koya wa yara noma da kiwo da aikin hannu, ta ce tana son shiga sashensu na wasan harbi.

Mahaifiyarta ba ta ɓoye abin da ke ranta ba. Ta ce, "Abban yara, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Abin da muka baro a gida, yanzu kuma da kuɗinmu za mu sayo shi mu shigo da shi ɗaki?" 'Yan'uwanta na cikin waɗanda suka bar gonakinsu saboda 'yan bindiga, don haka maganarta ta yi mini nauyi, har yau tana yi. Abin da na ce mata shi ne yaran nan a nan za su girma, kuma wata rana za su ga bindiga a wurin da ba ma nan. Na fi son ranar ta same su sun san abin da take yi, sun ji ƙararta da kunnensu, sun ga ramin da take hudawa, ba abin da suka gani a fim kaɗai ba. Na tuna mata maganar da ake jingina wa Sayyidina Umar, cewa a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Ta ce shi kibiya yake nufi, kuma gaskiyarta ne. Daga ƙarshe ta yarda bisa sharaɗi: ni zan fara zuwa a koya mini, akwatin ƙarfe mai makulli zai riga bindiga shigowa gidan, harsashi ba zai kwana wuri ɗaya da ita ba, kuma ɗanmu mai shekara 9 ba zai taɓa komai ba sai malamin ya ce ya isa.

Malamin da na samu wani dattijo ne Bature, tsohon soja, mai magana a hankali. Kafin ya bar ni na ɗauki komai sai da na haddace ƙa'idoji huɗu da ake danganta tsara su ga Jeff Cooper, wani malamin harbi Ba'amurke: kowace bindiga a ɗauke ta da harsashi a ciki, kada bakinta ya kalli abin da ba ka yarda ya lalace ba, yatsa ba ya hawa kunama sai an gama saiti, kuma ka san abin da kake hari da abin da ke bayansa. Ta biyun ta tsaya mini a rai, domin tun muna makarantar Islamiyya aka karantar da mu hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim, inda Annabi (SAW) ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, saboda bai sani ba ko Shaiɗan ya fizgi hannunsa. Da shi na fara wa yarana bayani, kuma na ga ya zauna musu fiye da duk abin da ke rubuce a bangon filin harbin.

Yaran ba da bindigar harsashi suka fara ba. Bindigar iska aka ba su, mai harba 'yar ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5, daga nisan mita 10, irin wadda ake gasa da ita a wasannin Olamfik. Suna zaune, bindigar na kan matokari, malami na tsaye a kafaɗarsu. A nan suka koyi riƙo da numfashi da yadda ake jan kunama a hankali har harbin ya zo ba tare da an fizge shi ba. Sai da 'yata ta yi watanni a haka, ramukanta suka fara taruwa wuri guda a takarda, sannan dattijon ya kira ni gefe ya ce lokaci ya yi da za ta koma kan fistol mai ƙaramin harsashi da ake kira .22, kuma zai fi kyau ta riƙa amfani da bindiga guda da hannunta zai saba da ita, maimakon ta haya da ke canzawa kullum.

Maganar girman harsashi ba ta ɗauki lokaci ba. Harsashin .22 LR, wanda kamfanin Stevens ya fito da shi a 1887, faɗinsa kusan milimita 5.6 ne, dalmar da ke kansa kuma yawanci ba ta kai giram 3 ba. Albarushinsa kaɗan ne, shurinsa kaɗan ne, ga araha, don haka yaro zai yi harbi da yawa ba tare da hannunsa ya gaji ko aljihun uba ya huje ba. Da shi ake gasar fistol ta mita 25 a Olamfik. Muhimmancin ƙarancin shuri ya wuce maganar jin daɗi. Yaron da bindiga ta tsorata shi a harbin farko zai koyi runtse ido da danna bakinta ƙasa kafin ƙarar ta zo, kuma wannan ɗabi'ar tana da wuyar fita. Abin da ya fi haka muni shi ne bindigar da ta fi ƙarfin hannun yaro. A watan Agustan 2014, a wani filin harbi a jihar Arizona, an ba yarinya 'yar shekara 9 bindigar Uzi mai sarrafa kanta, shurin ya ɗaga bakin bindigar, harsashi ya samu malaminta a ka, ya mutu. Laifin manyan da suka miƙa mata ne, ita kuma da shi za ta rayu.

Sai dai na ji mutane da yawa a filin suna yi wa .22 kallon abin wasa, kuma wannan yana ɓata mini rai. Harsashin nan yana kisa. A jikin kwalinsa ake rubuta gargaɗin cewa yana iya illa a nisan da ya wuce mil guda. Na sa malamin ya harbi gwangwanin tumatir a gaban yaran, suka je suka ɗauko shi da kansu suka ga yadda ya fashe ta baya. Ɗana ya daɗe yana juya gwangwanin bai ce komai ba.

Inda aikin yake shi ne wace bindigar. Da na shiga shago na ce ta yara nake nema, mai shagon ya fara miƙo mini wata 'yar mitsitsiya da ke shiga aljihun riga. Da yawa haka suke tunani, ƙaramin hannu ƙaramar bindiga. Malaminmu ya riga ya gargaɗe ni a kan wannan, kuma da na ga yara suna harbi na fahimci dalilinsa. Guntuwar bindiga, tazarar da ke tsakanin tsagar saiti ta baya da ƙusar gaba kaɗan ce, don haka ɗan karkacewar da ido ba ya gani sai ya zama babban kuskure a takarda. Rashin nauyinta yana sa ta yi tsalle a hannu. Kunamarta yawanci tana da tauri, saboda an yi ta ne don ɗauka a jiki, yaro kuma sai ya matse hannu gaba ɗaya kafin ta tashi. Abin da ya fi damuna shi ne juyi: yaro ya harba, ya samu tsakiya, murna ta kama shi ya waiwayo ya ce "Abba ka gani?", guntuwar bindiga ta riga ta biyo shi ta kalli cikinka kafin ka ɗaga hannu. Mai dogon bututu tana ba babba damar ganin inda ta dosa ya tare ta. Saboda wannan ne ma malamai da yawa suka fi son yaro ya fara da doguwar bindiga kafin fistol.

Filin da muke zuwa suna ba da haya, don haka muka riƙa gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Abin da nake dubawa da farko shi ne yatsa. Idan ta riƙe bindigar daidai, bututun ya miƙe da tsintsiyar hannunta, shin tsokar kan manuniyarta tana kaiwa kan kunama ba tare da ta murɗa hannu ba? Idan sai ta murɗa, an gama magana, komai kyan bindigar. Sannan nauyi: za ta iya riƙe ta da hannu biyu har ta gama harbi biyar bakin bai fara rawa ba? Sai kunama mai laushi da ke tashi a wuri ɗaya kullum, da saitin baya da ake iya gyarawa da sukudireba. Akwai kuma wanda ni ya shafa, wato in iya gane bindigar babu komai a ciki da kallo ɗaya daga inda nake tsaye.

Libarba ta ja hankalina sosai, musamman irin wadda sai an ja guduma, wato ɗan ƙarfen baya da ke bugun harsashi, da babban yatsa kafin kowane harbi. Kamfanin Ruger suna da Single-Six tun 1953, da 'yar ƙaramarta Bearcat ta 1958, da Wrangler mai araha da ta fito a 2019. Kyanta shi ne jinkiri. Harsashi ɗaya-ɗaya ake zurawa ta wata 'yar ƙofa a gefe, kwanso ɗaya-ɗaya ake turowa waje, kuma bayan an harba ba za ta sake tashi ba sai an ɗana ta da gangan. Yaron da ke gaggawa dole ta koya masa haƙuri. Kwanso mai zafi kuma ba ya tsalle ya faɗa wa kowa a wuya. Na kusa saye. Abu biyu suka tsayar da ni. Wrangler da Bearcat ɗin da muka gwada saitinsu a kafe yake, tsaga ce kawai a saman ƙarfen, alhali yarinyar gasa take son shiga. Na biyu, kafin in tabbatar babu harsashi sai na buɗe ƙofar na juya gidan harsashin na leƙa ramukan ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma ranar da za a ɗana sannan a fasa harbi, a ce yaro ya sauke guduma a hankali a kan harsashi mai rai, babban yatsansa kuwa bai gama ƙwari ba. Duk da haka, wanda ya zaɓi libarba don ƙaramin yaro ba zan ce ya yi kuskure ba.

Sai muka koma kan masu magazin, wato gidan harsashi da ake zurawa a cikin mariƙi, waɗanda duk suna cin harsashi 10. Smith & Wesson Model 41, wadda ta fito a 1957, kowa a filin yabonta yake, amma kuɗinta ya haura dala dubu, ban ga dalilin fara koyo da ita ba. Browning Buck Mark, da ta fito a 1985, ita ce kunamarta ta fi yi mini daɗi, mariƙinta kuma ya cika tafin hannuna sosai, wanda ke nufin ya ɗan yi wa 'yata yawa. SW22 Victory ƙarfe ce zalla mai nauyin kusan kilo guda, tana zama daram idan an ɗora ta a buhun yashi, amma a tsaye hannun yarinyar ya fara sauka tun kafin magazin ya ƙare. Ba aibi ba ne a jikin bindigogin, ga babba ma nauyin alheri ne. Hannun da za a saya dominsa ne bai kai ba.

Jerin Mark na kamfanin Ruger ya samo asali ne daga fistol ɗin da kamfanin ya fara da ita a 1949, kuma tsarinta ya dace da koyo: bututu da saiti ba sa motsi, sakata ce kaɗai ke kai da komo a ciki, tana da kunnuwa biyu a baya da ake kamawa a ja. 'Yata ta iya jan ta da kanta ba tare da ta juya bakin bindigar gefe don neman ƙarfi ba, abin da na lura yara kan yi idan ƙarfen ya yi musu tauri. Idan harsashi ya ƙare sakatar tana tsayawa a buɗe, daga nesa ina ganin cikin. Idan an zare magazin kunama ba ta aiki, ko da yake malamin ya hana mu dogara da wannan. Tsofaffin samfuran sun yi suna wajen wahalar harhaɗawa bayan an kwance su don wanki, amma Mark IV da ta fito a 2016 maɓalli ɗaya ake dannawa a baya ta rabu biyu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin .22 harsashi ne mai datti, bindigar da wankinta ke da wuya kuwa ba a wanke ta, sai ta fara cijewa a hannun yaro.

Tsakanin samfuran Mark IV ma sai da muka tsaya. Target mai kaurin bututu ta fi natsuwa, amma nauyinta ya kai kilo guda ko fiye, gwargwadon ƙarfen da aka yi ta da shi. 22/45 Lite kuwa samanta alminiyom ne, mariƙinta roba mai ƙarfi, siriri, nauyinta wajen giram 700. Dattijon ya fi son mai nauyin, ya ce nan da shekara biyu za ta gode masa. Na ce masa ni yau nake dubawa, kuma akwai ƙanenta a baya. Ya juya ya tambaye ta. Ta ce, "Wannan ce ba na tunaninta idan ina saiti." Ya gyaɗa kai, muka tsaya a kan Lite. Wani a filin ya yi mini tayin tasa ta hannu da rahusa, na ƙi, na fi son sabuwa daga shago mai lasisi. Mai son ta hannu ya sani cewa kamfanin ya yi kiran a dawo da Mark IV da aka ƙera kafin 1 ga Yunin 2017 don gyaran makullin tsaronta, sai ya duba lambar jikinta ya tabbatar an gyara.

Sayen kansa bai ɗauki lokaci ba, kuma saurin ya ɗan tayar mini da hankali. Na nuna katin shaida, na cika fom mai lamba 4473, mai shagon ya tura sunana ga tsarin binciken FBI da ake kira NICS, amsa ta dawo, shi ke nan, domin Texas ba ta da kwanakin jira. Dokar tarayya ta hana shago sayar da fistol ga wanda bai kai shekara 21 ba, kuma wata dokar 2005 ta ce dole a haɗa wa mai saye da makulli ko wani abin kulle ta. Bindigar tawa ce, ba ta yarinyar ba, kuma na faɗa mata haka a mota. Dokar tarayya ta 1994 ta hana wanda bai kai 18 ba riƙe fistol, sai a wasu halaye kamar koyo da harbin takarda, tare da rubutaccen izinin iyaye da zai kasance a jikin yaron. Na rubuta na sa hannu, yana cikin jakarta ko da ina wurin. Ita kuma Texas, laifi ne a dokarta a bar bindiga mai harsashi inda yaro ɗan ƙasa da shekara 17 zai kai gare ta. Akwatin ƙarfen ya riga ya iso, an ɗaure shi da ƙusoshi a cikin kabad, lambar buɗe shi ni da mahaifiyarsu kaɗai muka sani. Harsashi yana wani akwatin daban.

Ranar farko harsashi ɗaya tak aka sa mata a magazin. Ta zauna, hannayenta a kan buhun yashi, takarda a kusa, ni a bayanta ta dama inda hannuna zai kai. Ta harba, sakata ta tsaya a buɗe, ta ajiye bindigar bakinta na kallon gaba, sannan ta waiwayo. Wannan jerin nake so ya zama mata jiki, shi ya sa muka daɗe a kan harsashi ɗaya kafin aka koma biyu, sannan biyar. Mun zaɓi harsashi mai matsakaicin gudu, wanda ƙararsa ta fi sauƙi kuma ya fi taruwa a takarda. An koya mata abin da za ta yi idan ta ja kunama ba ta tashi ba, abin da kan faru da .22 lokaci-lokaci: ta bar bakin a gaba, ta cire yatsa, ta ɗaga hannun hagu ta jira babba. Kwanso mai zafi ya taɓa faɗa mata a hannun riga, ta ɗan zabura amma bakin bindigar bai kauce ba. Tun daga nan take sa hula mai baki a kan hijabinta, da riga mai rufe wuya.

Abubuwa biyu da ban ji ana yawan faɗa wa iyaye ba su ne kunne da dalma. Ƙarar fistol ta .22 tana haura desibel 140 a ma'aunin ƙarfin sauti, matakin da harbi ɗaya ke iya yi wa ji illa, kuma a fili mai rufi wanda ke kusa da kai wataƙila babbar bindiga yake harbawa. Yarana suna sa abin toshewa a cikin kunne, su ɗora na rufewa a sama, wanda aka yi daidai kan yaro, saboda na manya yana barin kafa a gefen tabarau. Dalma kuma tana cikin harsashin da hayaƙinsa, tana maƙalewa a hannu da tufafi, illarta ga ƙwaƙwalwar yara kuwa sananniya ce. Don haka muka koma filin da ke sarari, ba ci ba sha a wurin harbi, a wanke hannu da fuska da sabulu kafin a shiga mota, kayan da aka sa kuma a wanke su daban. Wankin bindigar a gareji nake yi da safar hannu, yarinyar tana taya ni, mahaifiyarta ta hana a kawo ko tsumman kusa da kicin.

Ɗana har yanzu yana kan bindigar iska. Yana samun tsakiya fiye da yayarsa a wasu ranakun, kuma ya san haka, shi ya sa yake ganin an danne masa haƙƙi. Ya ce mini, "Abba, ai na fi Yaya saiti." Na ce masa ba saiti ake jira ba. Idan aka yi kiran a dakata, yakan so ya ƙarasa harbin da ya fara, kuma yatsansa yana komawa kan kunama idan hankalinsa ya tafi wani wuri. Malamin ya ce sai ya ga wata uku a jere ba a yi masa gyara a kan waɗannan biyun ba, sannan zai sa masa harsashi ɗaya a Mark IV ɗin, a zaune, a kan buhun yashi. An manna takarda a jikin firij, shi yake sa alama da kansa duk ranar Asabar, kuma ranar da aka yi masa gyara shi yake gogewa ya soma daga farko.